Babi na Bakwai: Iskar Taya da Yanayin Hanya

Nauyin mota da na duk abin da ta ɗauko a kan iskar da ke cikin tayoyinta yake zaune. Robar da ake gani, da zaruruwa da wayoyin ƙarfen da aka saƙa a cikinta, aikinsu su tsare wannan iska, su kuma kama hanya. Wurin da kowace taya ta ƙaramar mota ke taɓa ƙasa bai wuce faɗin tafin hannun babban mutum ba. Ta waɗannan tafuka huɗu ne birki yake ci, sitiyari yake juya mota, inji kuma yake tura ta gaba. Yawan iskar da ke ciki shi ke yanke girman wannan tafi da siffarsa. In ta yi kaɗan taya ta baje, in ta yi yawa ta tsaya a kan tsakiyarta.

Ana auna matsin iskar taya da ma'auni iri uku. Wanda aka fi sani a Najeriya shi ne PSI, shi ne lambar da direba yake nufi idan ya tsaya wurin mai faci a Ƙofar Ƙaura ko Ƙofar Kwaya a Katsina ya ce a sa masa talatin da biyar. Motocin da aka ƙera don kasuwar Turai sukan zo da ma'aunin da ake kira ba, na Japan da Koriya kuma da kilofaskal. Ba ɗaya daidai yake da kilofaskal 100, ko PSI 14.5. Saboda haka motar da aka rubuta mata ba 2.2 ko kilofaskal 220, PSI 32 take so. Wannan ɗan lissafi yana da amfani a gari irin Katsina, inda yawancin motocin da ke kan titi 'yan Kwatano ne, kowace da ma'aunin ƙasar da ta baro.

Inda lambar take

Kamfanin da ya ƙera mota shi ke faɗin iskar da ta dace da ita, domin shi ya san nauyinta da yadda nauyin ya rabu tsakanin gaba da baya. Yakan buga lambar a wata 'yar takarda da ake mannawa a jikin ginshiƙin ƙofar direba, ko a cikin murfin tankin mai, kamar yadda ake gani a yawancin motocin Jamus. Tana kuma cikin littafin mota, ga wanda tasa ta zo da shi. Ga mafi yawan ƙananan motoci lambar tana tsakanin 30 da 35. Sau da yawa ta gaba ta bambanta da ta baya, kuma takardar kan nuna layi biyu: ɗaya na mota da mutum biyu ko uku, ɗaya na cikakken lodi.

Akwai wata lamba a jikin tayar kanta, wadda ta ruɗi mutane da yawa. A gefen taya, kusa da rim, ana rubuta MAX PRESS da ƙananan haruffa, sai 44 ko 51. Wannan ita ce iyakar da kamfanin taya ya yarda a kai, ba abin da motar take bukata ba. Taya iri ɗaya za ta iya shiga motoci ashirin masu nauyi daban-daban, don haka mai yin taya ba shi da hanyar sanin wadda za a ɗaura wa. Mai facin da ya karanta 44 ya cika taya har can ya yi kamar wanda ya ga an rubuta cewa jarka tana cin lita ashirin da biyar, sai ya ɗauka dole ne kullum a cika ta har wuya. A wasu wuraren ma ba a karanta komai: 40 ce ta kowa, ko Corolla ce ko Golf ko Sharan.

Sharaɗin da ke tare da lambar ƙofa shi ne a auna taya tana da sanyi. Ma'anar sanyi a nan ita ce motar ta yi aƙalla awa uku a tsaye a inuwa, ko kuma ba ta yi tafiyar da ta wuce kilomita biyu a hankali ba. Wanda ya tashi daga gida da sassafe ya tsaya wurin mai facin unguwa ya cika sharaɗin. Wanda ya shigo gari daga Kano da azahar, bayan kilomita kusan 170 a kan kwalta mai zafi, bai cika ba, kuma duk abin da geji ya nuna masa a lokacin zai ɗara gaskiya da huɗu zuwa shida.

Zafi

Iska tana neman buɗewa idan ta yi zafi. Da yake taya ba ta ba ta wurin buɗewa, sai matsinta ya hau. Ga tayar ƙaramar mota, ƙarin digiri goma a ma'aunin Salshiyas yana ƙara kimanin PSI ɗaya da rabi, raguwar digiri goma kuma ta rage haka. A Katsina wannan ba ƙaramin abu ba ne. Da asubahin hunturu, a Disamba da Janairu, sanyi kan sauko ƙasa da digiri 15. A tsakiyar bazara, Afrilu zuwa Mayu, zafin rana kan kai 40 ko ya haura. Tsakanin waɗannan biyu akwai bambancin PSI kusan huɗu, ba tare da ƙusa ta taɓa taya ba. Tayar da aka daidaita a ƙarshen damina za a same ta a ƙasa idan sanyi ya kama, ga kuma ɗaya ko biyu da kowace taya ke zubarwa a wata ta jikin robar kanta. Shi ya sa shigowar hunturu lokaci ne na ƙara iska.

Daga wannan gaskiya ce aka ciro wata fahimta da ta yaɗu a tashoshin mota: tunda zafi yana ƙara iska, kuma tayoyi sun fi fashewa da bazara, to iskar ce ta yi yawa ta fasa su, maganin kuwa a rage. Sai a ga direba ya tsaya a Kankiya ko Bichi, ya taɓa taya ya ji ta ɗau zafi, ya sa tsinke a bawul ya sace kaɗan. Rabin farko na wannan tunani daidai ne, ƙarshensa ne ya karkace. Taya mai lafiya ana ƙera ta ne ta jure matsi mai ninkin abin da ake sa mata, kuma injiniyoyin da suka rubuta 32 sun riga sun san za ta kai 37 a hanya. Ƙarin biyar ɗin nan ba ya fasa taya.

Abin da ke fasa ta shi ne zafin da take haifarwa a cikin jikinta. A kowane juyi, ɓangaren da ya iso ƙasa yana lanƙwashewa, sannan ya miƙe idan ya tashi. A gudun kilomita 100 cikin awa, tayar ƙaramar mota tana juyawa sau goma sha huɗu ko kusa da haka a daƙiƙa ɗaya. Duk wanda ya taɓa lanƙwasa waya yana miƙarwa don ya karya ta ya san yadda take ƙona yatsa kafin ta tsinke. Haka yake a taya. In iska ta cika yadda ya kamata, lanƙwasar kaɗan ce, kuma iskar hanya tana kwashe zafin. In ta yi kaɗan, gefen taya yana naɗewa sosai, zafin ya taru a kafaɗarta, inda wayoyin ƙarfe suka ƙare, har robar da ta manne su ta fara saki. Daga nan sai bayan taya ya ɓare kamar ɓawon rake, ko gefen ya tsage gaba ɗaya. Direban da ya sace iska daga taya mai zafi ya ƙara mata lanƙwasa, lanƙwasa ta ƙara zafi, matsin ya sake hawa, shi kuma ya sake ragewa. An yi gudun gara an faɗa gidan zago. Washegari da safe, tayar da ya mayar 32 tana da zafi za ta nuna 27.

Duniya ta ga misalin wannan a Amurka. A watan Agusta na shekarar 2000 kamfanin Firestone ya janye tayoyi miliyan shida da rabi, yawancinsu a kan motar Ford Explorer, saboda haɗurra da daga baya aka danganta da mutuwar mutum fiye da 200. Bayan tayoyin ne yake ɓarewa a cikin gudu, motar ta kife, kuma abin ya fi yawa a jihohin kudu masu zafi. An sami aibi a ƙirar tayar, amma wani babban abin da kamfanonin biyu suka yi ta jayayya a kai shi ne iska: Ford ya rubuta 26, Firestone ya ce 30 ya kamata. Rigimar da ta raba kamfanoni biyu da suka yi kusan shekara ɗari suna hulɗa, har da PSI huɗu a cikinta.

Ƙa'idar bazara ke nan: a sa lambar ƙofa da safe, a bar ta. In tilas ta sa a auna a tsakiyar tafiya, geji ya kamata ya nuna lambar ƙofa da ƙarin huɗu. Ya nuna ƙasa da haka, a ƙara. Ya nuna sama, a ƙyale har taya ta huce a sake gwadawa. Tayar da ta fi 'yan'uwanta zafi ƙwarai tana faɗin wani abu ne, ko tana sace, ko birkin wannan ƙafa yana kamawa, kuma watsa mata ruwa ba ya gyara ko ɗaya.

Wannan ba ya nufin yawan iska ba shi da illa. Tayar da aka cika ta wuce kima tana cinyewa ta tsakiya, tafin da take kama hanya da shi ya ragu, birki ya ƙara tsawo, mota ta riƙa tsalle a kan gargada tana wahalar da shokazoba. Ta fi kuma saurin yin ƙulu idan ta daki bakin rami da ƙarfi, domin ba ta da sauran laushin da za ta shanye dukan. Sai dai in za a auna kuskuren biyu, ƙarin uku a kan lambar ƙofa ya fi ragin uku sauƙi nesa ba kusa ba. Ragin har a aljihu ake jin sa. Ma'aikatar makamashi ta Amurka ta ƙiyasta cewa kowane PSI ɗaya da tayoyi huɗu suka rasa yana ƙara shan mai da kimanin kashi 0.2 cikin ɗari. Lambar ƙarama ce, amma tun da aka cire tallafin fetur a ranar 29 ga Mayu, 2023, mai motar haya da ke zuwa Kano ya dawo kullum ba ya raina ta.

Lodi

A nan ne yanayin tuƙi ya fi canza lambar. Jikin kowace taya yana ɗauke da bayanin abin da za ta iya. A rubutu irin 195/65 R15 91H, lamba 91 tana nufin kilo 615, harafin H kuma gudun da bai wuce kilomita 210 cikin awa ba. T na nufin 190, V 240. Amma taya ba ta ɗaukar wannan nauyi sai da cikakkiyar iskarta, wato wajen 36 ga tayar ƙaramar mota ta yau da kullum. Da iska ta ragu, abin da za ta iya ɗauka ya ragu tare da ita. Dalili ke nan da ya sa layin cikakken lodi a takardar ƙofa yake ƙara wa tayoyin baya iska, wani lokaci da uku, wani lokaci har da takwas ko fiye a motoci masu dogon baya. Iyalin da za su tafi biki Daura da mutum biyar da akwatuna a but, layi na biyu ne nasu, kuma in sun dawo an sauke kaya a mayar da iskar layin farko.

Ƙarin iska yana da iyaka, kuma ranar kasuwa a Charanchi ko Mai'aduwa ko Jibiya ana wuce iyakar nan tun kafin a tashi. Golf 3, wadda ta zama jakar hanyoyin ƙauyukan Katsina, ta fito ne da tayoyi irin 175/70 R13 ko 185/60 R14 masu lamba 82, wato kilo 475 kowace. Biyun baya tare kilo 950 ne, kuma a ciki har da nauyin bayan motar kanta. Buhun masara ko gero kuwa kilo ɗari ne ko kusa. Idan aka kwantar da kujerar baya aka jera buhu goma, aka ɗora mutane a gaba, lissafin ya riga ya ƙare. Direbobi sun san haka a aikace, shi ya sa suke ƙara wa motar ƙarfen baya su kuma cika tayar har 50 ko 60. Ƙarfen yana hana motar zama a ƙasa, amma bai ƙara wa zaren taya ko ɗaya ba, iskar da ta wuce abin da aka rubuta a gefenta kuma ba ta ƙara mata ƙarfin ɗauka. Abin da ke taimakawa shi ne taya mai lambar lodi mafi girma, da rage gudu, da rage buhu.

Bas-bas irin Hiace, da J5 da sauran motocin ɗaukar kaya, tayoyinsu na daban ne. Suna da harafin C bayan girman rim, kamar 195 R15C, kuma irin mai lamba 106 tana ɗaukar kilo 950 a kan PSI 65. Kuskure mai haɗari shi ne a ɗaura wa bas mai cin mutum goma sha takwas tayar ƙaramar mota don girman ya yi daidai kuma ta fi araha, sannan a cika ta da iskar bas. Kuskure na biyu kishiyarsa ne, a sa wa tayar C iskar ƙaramar mota.

Dogon zango da gudu suna aiki irin na lodi, domin dukansu zafi suke tarawa. Wasu kamfanonin suna ba da shawarar a yi amfani da layin cikakken lodi idan za a daɗe ana gudu, ko da motar ba ta cika ba. Dokar hanya ta Najeriya ta tsayar da ƙananan motoci a kilomita 100 cikin awa a babban titi mai hannu biyu, motocin haya 90, tirela da tanka 60. Tayar da za ta kai mutum Funtuwa lafiya a 90 tana iya kasa kai shi a 130, da iska ɗaya da lodi ɗaya. Mai saukowa daga Katsina zuwa Legas kuma zai iya ganin gejinsa ya ragu kaɗan, saboda Katsina tana sama da teku da mita 500 ko ɗan fiye, amma bambancin bai kai PSI ɗaya ba, bai isa a damu da shi ba.

Damina

Ruwan Katsina ba shi da yawa in aka kwatanta da kudu, amma yakan zo a dunƙule, musamman a Yuli da Agusta, ya kwanta a kan kwalta kafin magudanai su janye shi. Wasu direbobi suna rage iska da damina da tunanin cewa faffaɗar taya ta fi kama jiƙaƙƙiyar hanya. A kan kwalta abin ba haka yake ba. Zanen da ke bayan taya hanyoyin ruwa ne, aikinsu su kore shi gefe don roba ta taɓa ƙasa. In iska ta yi kaɗan, tsakiyar taya yana lotsawa ciki, ruwa ya taru a ƙarƙashinsa, a wani gudu kuma sai tayar ta hau kan ruwan ta bar ƙasa ɗungum. A lokacin sitiyari ya zama hoto, birki ma haka. Binciken da hukumar NASA ta yi a kan tayoyin jiragen sama a 1963 ya nuna cewa gudun da wannan ke faruwa yana tafiya ne da matsin iskar taya. In aka bi ƙiyasinsu, taya mai 32 tana fara hawa ruwa a wajen kilomita 94 cikin awa, mai 24 a wajen 81, mai 20 a wajen 74. Tayar da ta suɗe ba ta ma jira a kai nan. Mafi ƙarancin zurfin zane da ake yarda da shi milimita 1.6 ne, kuma akwai 'yan ƙananan tudu a cikin zanen da ke nuna an iso wurin idan suka yi daidai da saman roba. Iskar damina a kan kwalta, ita ce dai ta ƙofa.

Burji da rairayi

Inda rage iska yake da hujja shi ne inda kwalta ta ƙare. Arewacin jihar, wajen Kaita da Mashi da Zango da Baure har zuwa iyakar Nijar, ƙasa ce mai rairayi, kuma hanyoyin ƙauyuka da yawa suna ratsa busassun rafuka. Taya mai tauri tana nutsewa a rairayi kamar tsinin sanda. In aka rage ta zuwa 18 ko 20, tafin da take takawa da shi yana ƙara tsawo, nauyi ya bazu, mota ta bi ta sama, kamar yadda faffaɗan tafin raƙumi yake hana shi nutsewa inda kofaton jaki yake shigewa. Direbobin Hilux da ke ratsa Tenere daga Agadas zuwa Dirku da wannan dabara suke tafiya. Motar da ta riga ta kafe ana iya sauke ta zuwa 15 don a fita, amma ƙasa da haka tayar tubles tana iya barin bakin rim, iskar ta fice gaba ɗaya, musamman in aka murɗa sitiyari da ƙarfi.

Dabarar tana da sharaɗi biyu. Gudu kada ya wuce kilomita 30 zuwa 40 cikin awa, kuma da an hau kwalta a mayar da iska kafin a ci gaba. Na biyun ne ake yawan karyawa, domin babu mai faci a bakin kowace hanya, sai direba ya ce bari ya lallaɓa zuwa gari, lallaɓawar kuma ta koma 100. Wanda aikinsa ke kai shi irin waɗannan wurare, ƙaramin famfo mai aiki da batirin mota ya fi masa amfani da yawancin kayan ado da ake saya wa mota. A kan burji mai gargada ragin uku ko huɗu yana rage girgiza, in ba a cikin lodi ake ba. A hanyar da kwalta ta farfashe ta bar ramuka masu kaifin baki kuwa, ragi cuta ne: taya mai laushi tana matsewa tsakanin rim da bakin rami, zaren gefenta ya tsinke, ƙulu ya fito. Tayar da ta yi ƙulu ta gama aiki, faci ba ya mayar da tsinkakken zare.

Babur da manyan motoci

Ƙananan babura irin Boxer galibi 25 suke so a gaba, 28 a baya, 32 in da goyo. Ɗan acaɓa da ke ɗaukar mutum biyu da buhu ya wuce abin da aka tsara, kuma tayar baya mai ƙarancin iska tana sa babur rawa a kwana, ta kuma tsinke bakin tiyub. Tirela da tifa suna tsakanin 100 da 120, gwargwadon taya da lodi. A ƙafafun da ake haɗa taya biyu, dole iskarsu ta zo ɗaya. In ta ciki ta yi ƙasa, kuma ita aka fi mantawa don bawul ɗinta yana da wuyar kaiwa, ta waje ce ke ɗaukar kayan su biyu har ta gaji. Dukan taya da ƙarfe da yaran mota ke yi yana gano wadda ta sace sarai, amma kunne ba ya bambanta 110 da 90.

Iskar da ke cikin tayar tirela tana da ƙarfin kashe mutum, kuma masu faci ne suka fi shiga wannan haɗari. Rim mai zobe, in zoben bai zauna daidai ba, yana iya tashi kamar harsashi lokacin da ake ba da iska, shi ya sa a manyan gareji ake sa tayar cikin keji na ƙarfe, mai aikin ya tsaya gefe da dogon tiyo. Yin walda a jikin rim alhali taya tana kai yana iya tayar da gobara a cikinta ta fashe, ko da an sace iskar. Zuba fetur a kunna wuta don bakin tubles ya kama rim shi ma ganganci ne.

Shekarun taya

Duk lambobin da aka ambata suna aiki ne a kan taya mai lafiya. Masana'antar Michelin ta Fatakwal ta rufe a 2007, ta Dunlop da ke Ikeja ta daina aiki a 2008, tun daga nan tayoyin Najeriya daga waje suke zuwa. Tsofaffin tayoyi suna cikin kayan da gwamnati ta hana shigowa da su, amma kasuwa cike take da su da sunan Beljiyam. Ranar haihuwar taya tana jikinta: a ƙarshen layin da ya fara da DOT akwai lambobi huɗu, biyun farko mako, biyun ƙarshe shekara. 2319 na nufin mako na 23 na 2019. Hukumar Kiyaye Haɗurra ta Ƙasa, wadda aka kafa a 1988, tana wa'azin cewa taya ta tashi aiki bayan shekara huɗu da ƙera ta. Kamfanonin taya sun fi sassauci. Michelin, alal misali, yana cewa a riƙa duba ta kowace shekara bayan ta biyar, a cire ta a ta goma ko da zanenta bai taɓu ba. A ƙasar da rana ke dukan roba wata tara a shekara, kusantar lambar hukuma ya fi hankali. Akwai kuma tayoyin da ke da hoton dutse mai ƙololuwa uku da ƙwayar ƙanƙara a ciki. Na hunturun Turai ne, robarsu mai laushi an haɗa ta don sanyin da bai kai digiri bakwai ba. Zanensu mai zurfi yana jan idon mai saye, kwaltar Afrilu kuma tana cinye su da wuri.

Aunawa

Ido ba ya auna iska. Tayoyin zamani suna da ɗan tumbi a ƙasa ko da sun cika, kuma taya tana iya rasa kashi ɗaya cikin huɗu na iskarta ba a gani ba. Harbin ta da ƙafa ma haka. Gejin mai faci kuwa yana faɗuwa ƙasa, yana shan ƙura, yana aiki shekara da shekaru ba wanda ya gwada shi da wani, don haka biyu a titi ɗaya suna iya saɓawa da uku ko huɗu. Mai mota ya mallaki nasa, ya riƙa aunawa da shi duk mako biyu, da kuma kafin kowace doguwar tafiya. Marfin bawul, duk da ƙanƙantarsa, shi ke hana ƙurar hunturu shiga ta hana bawul rufuwa.

Bayan abin da ya faru da Firestone, Amurka ta wajabta wa sababbin ƙananan motoci na'urar sa ido kan iskar taya daga Satumba 2007, Tarayyar Turai kuma daga Nuwamba 2014. Alamarta a gaban direba fitila ce ruwan ɗorawa mai kama da tukunya da alamar motsin rai a tsakiya. A motocin Amurka ba ta kamawa sai taya ta rasa kashi 25 cikin ɗari, wato 32 ta koma 24, don haka rashin kamawarta ba shaidar cewa komai daidai yake ba ne. A yawancin 'yan Kwatano ma batirin da ke cikin na'urar ya mutu, ko an fasa ta wajen cire taya, fitilar ta zauna a kunne har direba ya daina ganin ta. Iskar naitirojin da wasu gidajen taya ke sayarwa tana ɗan jinkirin fita, amma iskar da kowa ke shaƙa ma kashi 78 cikin ɗari naitirojin ce, kuma lambar da za a sa ba ta canzawa.

Safaya ita ma a auna ta tare da sauran. Cikakkiyar safaya ana ba ta lamba mafi girma da ke takardar ƙofa, a rage idan an ɗaura. 'Yar siririyar nan ta wucin gadi da ke zuwa da motoci da yawa kuwa PSI 60 take so, kuma ba a wuce kilomita 80 cikin awa da ita.